Kambun Tony: alƙalan da ke da hannun jari a cikin shari'ar

Duk shekara idan watan Yuni ya kama, masu sana'ar wasan dandamali a birnin New York sukan taru su raba kyaututtukan da ake kira Tony. Rukunan sun haura 20, daga na jarumai har na masu ɗinkin kaya da masu haska fitila, amma akwai guda ɗaya da ake ajiyewa sai ƙarshen dare, lokacin da kowa ya ƙagara: kambun sabon wasan waƙa da ya fi fice a shekarar. Irin wasan nan ne da ake yi a gaban 'yan kallo ido da ido, sau 8 a mako, makaɗa na zaune a wani rami a gindin dandamali, labari na tafiya da magana, idan ya kai inda magana ba za ta iya ɗauka ba sai a ɓarke da waƙa da rawa. Wanda ya tashi da finafinan Indiya ko na Kano ba ya buƙatar dogon bayani. Bambancin kawai shi ne a nan babu kyamara, babu "a sake", kuma jarumi da maƙogwaronsa yake rerawa, ba wani ne ya hau masa murya a situdiyo ba.

Ra'ayina a kan wannan kambu shi ne bai cancanci irin amanar da duniya ta ba shi ba. Ba wai ana maguɗin ƙuri'u ba ne, ban taɓa jin wanda ya kawo hujjar haka ba. Matsalar ta fi haka zurfi. Tun kafin a jefa ƙuri'a ta farko masu gidaje da masu kuɗi sun riga sun tace 'yan takara, sannan da yawa daga cikin masu jefa ƙuri'ar suna da abin da za su samu ko su rasa a sakamakon. Duk da haka, washegari jaridun duniya sai su buga cewa ga wasan da ya fi kowane kyau a bana, mu kuma da ke nesa mu karɓa kamar hukuncin alƙali.

An fara ba da Tony a 1947 a otal ɗin Waldorf Astoria, da sunan Antoinette Perry, 'yar wasa kuma darakta, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar American Theatre Wing, wadda ta rasu shekara guda kafin nan. Rukunin wasan waƙa ya shigo a 1949, Kiss Me, Kate ne ya fara ɗauka. Tun 1967 ake nuna bikin a talabijin a faɗin Amurka, kuma daga nan ne ya tashi daga liyafar 'yan sana'a ya zama talla mafi girma da Broadway, wato rukunin manyan gidajen wasan New York, ke samu a shekara. Ƙungiyoyi biyu ke riƙe da shi: ita Wing ɗin, da Broadway League, wadda ƙungiya ce ta furodusoshi da masu gidajen wasa. Wato rabin masu bikin su ne masu hajar.

A fara da ƙofar shiga. Kafin wasa ya shiga takara, dole ne a buɗe shi a ɗaya daga cikin gidaje 41 da aka amince da su a matsayin na Broadway, kowanne mai kujeru 500 ko fiye, kusan dukansu a 'yan layukan da ke kewaye da dandalin Times Square. Idan gidan da ka yi wasanka kujerunsa 499 ne, ko da layi ɗaya ya raba ku, kai ba ɗan takara ba ne. Idan a Chicago ka yi, ko a Los Angeles, ba a ma san da zamanka ba. Su kuma gidajen 41 mafi yawansu ba na jama'a ba ne. Kamfanin Shubert na da 17, Nederlander na da 9, Jujamcyn na da 5 kafin ya haɗe da kamfanin ATG na Birtaniya a 2023. Gida 31 ke nan a hannu uku. Mai gida ba haya kaɗai yake karɓa ba, yana da kaso a cinikin tikiti, don haka kafin ya ba ka maɓalli sai ya auna ko wasanka zai cika masa kujeru. Waɗannan 'yan mutane ƙalilan su ne alƙalan farko, kuma babu wanda ya zaɓe su.

Sai kuɗi. A yau sabon wasan waƙa yakan ci dala miliyan 15 zuwa 20, wani ma fiye, kafin a ɗaga labule a daren farko. Hamilton da ake ganin ya yi araha ya ci miliyan 12.5 a 2015. Spider-Man, wanda ya zama abin misali wajen ɓarnar dukiya, ya lashe kusan miliyan 75. Masu harkar da bakinsu suke cewa a cikin wasanni biyar da wuya fiye da ɗaya ya mayar da uwar kuɗi. Mutumin da ya san haka, idan zai zuba jari, me zai nema? Sunan da 'yan kallo suka riga suka sani: tsohon fim da ya yi tashe, ko tarin waƙoƙin wani shahararren mawaƙi da za a ɗinka musu labari a kai. Ban ga laifinsa ba, dukiyarsa ce. Amma daga abin da ya yarda ya saya ne ake zaɓen gwarzon shekara.

Shi ya sa kambun ke isowa a makare. Da yawa daga cikin wasannin da suka canja fasalin wannan sana'a a ƙananan gidaje aka haife su, inda ba riba ake nema ba. A Chorus Line a gidan Public Theater ya fara a 1975, haka Fun Home a 2013, haka Hamilton a farkon 2015. Rent a New York Theatre Workshop ya fara a 1996, marubucinsa Jonathan Larson ya rasu a ranar da za a fara nuna shi ga jama'a, bai ga Broadway da idonsa ba. A Strange Loop na Michael R. Jackson an nuna shi a ƙaramin gida a 2019, ya ci kyautar Pulitzer a 2020, amma a wurin Tony bai zama sabo ba sai 2022, bayan masu jari sun gamsu sun ɗauko shi. Waɗannan su ne masu sa'a. The Fantasticks ya yi shekara 42 ana nuna shi ba yankewa, daga 1960 zuwa 2002, sau 17,162, a wani ɗan ƙaramin zaure a unguwar Greenwich Village, bai taɓa shiga takarar wannan kambu ba don kujerun gidan ba su kai ba.

Yanzu mu zo kan masu ƙuri'a. Wani kwamiti na mutum kamar 40 zuwa 50 ne ke kallon duk wasannin kakar ya fitar da 'yan takara, kuma su ana tsananta musu, wanda ke da alaƙa da wani wasa sai ya janye. Daga nan sai a miƙa wa mutum sama da 800 su zaɓi gwani. A cikinsu akwai wakilan ƙungiyoyin 'yan wasa da daraktoci da marubuta da masu tsara dandamali, amma babban kaso 'yan Broadway League ne: furodusoshi, masu gidaje, da masu gidajen wasa na sauran biranen Amurka waɗanda ke sayen wasa idan ya fita rangadi. Furodusan da wasansa ke takara yana da ƙuri'a. Abokin cinikinsa da suka haɗa jari a wani wasan yana da ƙuri'a. Mai gidan wasa a wani gari na tsakiyar ƙasar, wanda ke lissafin abin da zai cika masa zaure baɗi, shi ma yana da ƙuri'a. Kamar a ce dillalan kara su ne za su zaɓi san da ya fi kowane kyau a kasuwa, alhali kowannensu yana da la'ada a kan wata dabba da ke ɗaure a wurin. Suna iya zama mutanen kirki, sun kuma fi kowa sanin shanu, amma ba za ka kira abin da suka yanke shari'a ba.

Shekarar da wannan ya fi fitowa fili a idona ita ce 2010, kuma ta shafe mu 'yan Najeriya. A watan Yulin 2009 masu shirya bikin suka cire 'yan jarida kusan 100 daga jerin masu ƙuri'a, da hujjar wai akwai cin karo tsakanin aikin jarida da zaɓe. Abin dariya ne, domin su ne kaɗai rukunin da ba ya samun ko sisi idan wasa ya ci ko ya faɗi. An yi ta surutu har aka mayar da kaɗan daga cikin masu sharhi a kakar da ta biyo baya, amma zaɓen 2010 ba su aka yi shi.

A wannan kakar ne Fela! ya shiga takara. Wasa ne a kan Fela Anikulapo Kuti, Bill T. Jones ya ba da umarni ya kuma tsara rawa, Sahr Ngaujah ɗan asalin Saliyo ya fito a matsayin Fela, makaɗan Antibalas na Brooklyn suka riƙe kiɗan. An buɗe shi a gidan Eugene O'Neill a Nuwamban 2009, Jay-Z da Will Smith da Jada Pinkett Smith na cikin waɗanda suka sa sunansu da kuɗinsu. An mayar da zauren kamar gidan rawar Shrine na Legas a ƙarshen shekarun 1970, ana tayar da 'yan kallo tsaye a koya musu juya ƙugu, sannan a kai su har ga harin da sojoji suka kai Kalakuta a 1977, inda aka jefo mahaifiyarsa Funmilayo daga taga, raunin da ya yi ajalinta a 1978. Ya samu shiga rukuni 11. Ya tashi da 3: rawa, sutura, da tsara sauti. Babban kambun ya tafi ga Memphis, labarin wani Bature mai gabatar da shiri a rediyo da ya fara sa waƙoƙin baƙaƙen fata a shekarun 1950, ya kuma faɗa soyayya da wata mawaƙiya baƙa.

Masu kare wannan hukunci suna da magana mai ƙarfi, kuma ba zan ɓoye ta ba. A cikin 'yan takara huɗu na shekarar, Memphis ne kaɗai aka rubuta wa sababbin waƙoƙi. American Idiot waƙoƙin ƙungiyar mawaƙa ta Green Day ne, Million Dollar Quartet tsofaffin waƙoƙin su Elvis Presley ne, Fela! kuma waƙoƙin Fela ne da aka yi shekara 30 ana ji. Shi ma Fela! ba tsarkakakke ba ne: Amurkawa suka rubuta shi don Amurkawa, ya bi ta kan zancen matan Fela 27 a gurguje, bai kuma kai ga rasuwarsa a 1997 ba. Duk na yarda. Amma idan sabuwar waƙa ce sharaɗi, me ya sa Contact ya ci a 2000, wasan da babu mai rera ko baiti ɗaya a cikinsa, kiɗan ma na faifai ne? Me ya sa Jersey Boys ya ci a 2006 da tsofaffin waƙoƙin ƙungiyar mawaƙa ta Four Seasons? Sharaɗin yakan tashi ne idan ana buƙatarsa. Abin da nake gani ya faru ya fi haka sauƙi. Memphis wasa ne da za ka kai kowane gari a Amurka iyali su shiga su fito suna jin daɗin cewa wariyar launin fata tsohon labari ne. Fela! kuwa yana zagin gwamnatin soja da manyan kamfanonin ƙetare da sunayensu, yana busa hayaƙi a dandamali, yana ƙarewa da akwatunan gawa. Wanda ke tunanin tikiti ya san wanda zai zaɓa. Yau shekaru sun wuce, a tambayi masu sana'ar wanne ne a cikin biyun ya nuna musu abin da ba su taɓa gani ba.

Akwai wani abu da ke ci mini tuwo a ƙwarya game da Afirka a wannan rukuni, ko da yake wasanni huɗu ba za su zama hujja a kotu ba. Sarafina! na Mbongeni Ngema, da kiɗan da suka yi tare da Hugh Masekela, labarin ɗaliban Soweto na 1976, ya taso daga Market Theatre na Johannesburg ya isa Broadway a Janairun 1988 da matasan Afirka ta Kudu. Ya shiga rukuni 5, bai ci ko ɗaya ba. A yi adalci, shekarar The Phantom of the Opera ce, ba wanda zai iya tare shi. Fela! ya faɗi a 2010. Waɗanda suka ci fa? The Lion King a 1998, Afirkar da babu mutum ko ɗaya a cikinta sai zaki da kura da gwaggon biri, duk da kyan aikin Julie Taymor da muryoyin da Lebo M ya tsara. Sai The Book of Mormon a 2011, da kambu 9, inda aka tura wasu samari biyu masu wa'azi wani ƙauye a arewacin Uganda, aka mayar da yunwa da ƙanjamau da jahilci abin ban dariya. Sai da 'yan wasansa baƙaƙe suka rubuta takardar koke a 2020 kafin aka gyara wasu wurare. Afirkar da masu ƙuri'a suka saka wa ita ce wadda ba ta tambayar ɗan kallo komai.

Kada a ce ƙorafin ɗan Najeriya ne da aka kayar da nasa. Labarin Avenue Q ba ruwansa da mu, kuma ya fi kowane tona asiri. A 2004 wannan ƙaramin wasan 'yar tsana ya kara da Wicked, ƙaton wasa mai gurbin takara 10. Masu Avenue Q suka yi kamfe irin na 'yan siyasa, da baji da liyafa da taken cewa kowa ya bi zuciyarsa, suka bar masu gidajen rangadi da fahimtar cewa wasan zai zagaya garuruwansu. Suka ci. Kwanaki kaɗan bayan haka aka sanar cewa sun ƙulla yarjejeniya da attajiri Steve Wynn, wasan zai zauna a otal ɗinsa na Las Vegas, babu rangadi. Masu gidajen suka fusata, suka ce an yaudare su. To, ina yaudarar take idan don kyan wasa suka jefa ƙuri'a? Wasan bai canja ba tsakanin daren bikin da ranar sanarwar. Fushinsu shi ne shaidar abin da suka saya da ƙuri'arsu. Zaman Las Vegas bai yi wata 10 ba ya watse, Wicked kuma da aka kayar har yau yana nan tun 2003.

Tarihin rukunin cike yake da irin wannan. West Side Story ya faɗi a 1958. Gypsy ya faɗi a 1960, shekarar da wasanni biyu suka yi kunnen doki aka raba musu kambun shi aka bar shi. Chicago ya samu gurbin takara 11 a 1976 ya fita hannu rabbana, sai ga shi farfaɗowarsa ta 1996 har yanzu ba a rufe ba. Ba na ɗora wa kowa laifi a nan, kowane alƙali yana kuskure, kuma wanda ya kayar da Chicago, wato A Chorus Line, ba kanwar lasa ba ne.

Abin da ya fi ƙarfi a kan ra'ayina shi ne 'yan shekarun nan. Fun Home a 2015, The Band's Visit a 2018, A Strange Loop a 2022, Kimberly Akimbo a 2023, duk ƙananan wasanni ne masu nauyin jigo, kuma sun kayar da waɗanda suka fi su ciniki. A 2025 Maybe Happy Ending, wanda aka fara nunawa a Seoul a 2016, labarin wasu mutum-mutumi biyu da aka daina amfani da su, ya ɗauki kambu 6 har da babban. Wani zai ce ga shi nan, masu ƙuri'a sun fi yadda kake zato. Na yarda sun yi zaɓe mai kyau a waɗannan shekaru. Sai dai ko a nan lissafin kasuwa bai ɓace ba, ya dai sauya salo. Wasan da ke ɗauke da sunan Michael Jackson ko na wani fim na Disney zai sayu ko da kambu ko babu. Ƙaramin wasan da ba wanda ya san sunansa shi ne ke buƙatar tambarin Tony a jikin fosta kafin a iya sayar da shi a rangadi. Ba shi kambun ya ba ka haja biyu maimakon ɗaya. A Gentleman's Guide to Love and Murder yana tangal-tangal kafin ya ci a 2014, bayan nan ya mayar da jarinsa. Tsarin da ke ba da sakamako mai kyau idan maslahar 'yan kasuwa ta dace da gaskiya, ba shi ne tsari mai kyau ba.

Kakar da annobar korona ta katse ta nuna iyakar abin. An rufe gidajen a Maris 2020, aka yi bikin a Satumban 2021 da abin da ya samu. 'Yan takara uku, Moulin Rouge! da Jagged Little Pill da Tina, dukansu tsofaffin waƙoƙi. A rukunin jarumin wasan waƙa mutum ɗaya tak ya tsaya, Aaron Tveit, ya yi takara da kansa ya ci. Kyautar sababbin waƙoƙi kuwa wasan da ba na waƙa ba ne ya ɗauka. A daidai wannan kaka akwai sababbin wasannin waƙa a ƙananan gidajen birnin, 'yan mintuna a ƙafa daga inda ake bikin, amma ƙa'idar kujeru 500 ta fi ƙarfin hankali. Haka aka yi a 1995, 'yan takara biyu kacal.

Me ya sa abin zai dami wanda ba zai taɓa sayen tikitin Broadway ba? Domin wannan kambu ne ke yanke abin da zai yi tafiya. Kakar 2024 zuwa 2025 Broadway ta yi cinikin kusan dala biliyan 1.9, amma rayuwar wasa ta gaskiya tana bayan New York: rangadi, Landan, Hamburg, Tokyo, fim, sannan makarantu da ƙananan ƙungiyoyi a duniya da ke sayen izinin yin sa shekara da shekaru. Wanda ya ci, an buɗe masa wannan hanya. Wanda bai shiga takara ba sau da yawa a makon da aka fitar da sunaye yake sanar da rufewa, mutum ɗari ko fiye su rasa aiki. Matashin marubuci a Legas ko Nairobi ko Seoul da ke son sanin yadda ake gina wasan waƙa, jerin gwanayen Tony yake bi yana koyo, yana ɗauka ma'aunin fasaha ne.

Gyara biyu nake ganin za su wadatar, kuma babu mai wuya a cikinsu. Na farko, duk wanda ke da kuɗi a wasan da ke takara, ko ya riga ya yi cinikin kai shi gidansa, ya janye daga ƙuri'ar wannan rukuni, kamar yadda ake tilasta wa 'yan kwamitin tantancewa. Na biyu, a buɗe rukunin ga duk sabon wasan waƙa da aka yi a New York a kakar, babba ne gidan ko ƙarami. Kyautar Drama Desk ta daɗe tana haɗa su a takara ɗaya, sama ba ta faɗo ba, illa dai ba ta da talabijin. A Landan ma kyautar Olivier, da aka fara a 1976, tana karɓar wasannin gidajen da gwamnati ke tallafawa irin su National Theatre, kuma a can ne Kat and the Kings na David Kramer da Taliep Petersen, wasan da ya taso daga Cape Town, ya ci kambun sabon wasan waƙa a 1999. Ba na cewa Landan aljanna ce, can ma Fela! ya faɗi a 2011, Legally Blonde ya kayar da shi.

Na san wanda zai ƙi. Idan ƙaramin gida mai kujeru 200 zai iya cin kambu ba tare da ya biya haya a Times Square ba, darajar gidaje 41 ta ragu, kuma masu gidajen suna zaune a kwamitin da ke rubuta ƙa'idojin.